Tsakanin Sanin Kai, Barin Cutarwa da Cin Tsirrai Zalla: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru a kan batu guda, wato alaƙar da wasu suke cewa akwai tsakanin mutum ya san kansa ta fuskar ruhi, da ya kame daga cutar da mai rai, da kuma ya ƙaurace wa nama da madara da ƙwai da duk abin da aka samo daga jikin dabba. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, wata abokiyar karatuna ta ce mini wanda ya san kansa da gaske ba zai iya cin nama ba, domin a ganinta sanin kai da barin cutarwa da cin tsirrai zalla duk abu ɗaya ne. Na kasa gane yadda tunanin zuci zai haɗu da abin da mutum yake ci. Daga ina wannan magana ta samo asali, kuma shin tana da tushe? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: 'Yar'uwa, maganar abokiyar taki tana da tushe mai tsawo, ko da yake ta haɗe abubuwa uku wuri guda fiye da yadda ya kamata. Inda aka fi zurfafa wannan tunani shi ne ƙasar Indiya, musamman a addinin Jain, wanda babban malaminsa Mahavira ya rayu a zamani ɗaya da Buddha, wanda ya kafa addinin Buddha, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mabiyansa ba su da yawa, domin ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna ba su kai miliyan 5 ba, amma babu wata al'umma da ta kai su tsanantawa wajen abin da suke kira ahimsa, wato kame kai daga cutar da mai rai.

A fahimtarsu, kowane mai rai yana da ruhi, kuma ruhin da ke cikin ƙwaro bai bambanta da na mutum ba ta fuskar asali, sai dai abin da ya lulluɓe shi ya fi yawa. Wannan lulluɓi kuwa yana shigowa ne ta ƙofa huɗu, su ne fushi da girman kai da yaudara da haɗama. Daga nan suka raba cutarwa gida biyu. Akwai wadda take faruwa a cikin zuciya lokacin da niyyar mugunta ko halin ko-in-kula ya motsa, akwai kuma wadda hannu yake aikatawa a fili. Ta farkon ita ce uwa, domin kafin mutum ya kai hannu ga wani ya riga ya raunata nasa ruhin. A nan mahaɗin da kike nema yake, kuma ina ganin gaskiya ce da ba sai mutum ya shiga addininsu zai yarda da ita ba: mafi yawan cutarwar da ɗan Adam yake yi tana fitowa ne daga gafala, kuma wanda ba ya lura da abin da ke motsi a cikin zuciyarsa ba zai iya riƙe hannunsa a kan lokaci ba.

Ki dubi yadda mai zuhudu a cikinsu yake gudanar da yininsa. Yana tafiya a hankali, idonsa a ƙasa, yana duban 'yar tazarar da ke gabansa kafin ya ɗaga ƙafa. A hannunsa akwai tsintsiya mai laushi, ta zaren ulu ko ta gashin ɗawisu da ya zube da kansa, wadda yake share wurin zama da ita don kada ya danne wani ƙwaro. Ba ya shan ruwa sai an tace shi, ba ya cin abinci bayan faɗuwar rana, wasunsu kuma suna rufe baki da farin ƙyalle. Idan damina ta sauka sai ya zauna wuri ɗaya har wata huɗu, saboda a lokacin ne ƙasa take cika da ƙananan halittu. Wanda ya kalle shi daga nesa zai ɗauka ƙwaron kawai ake karewa, alhali mai sharar ma yana horar da hankalinsa ne ya kasance tare da shi a kowane motsi.

A tsarin yoga, wato horon jiki da hankali, na Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, kuwa an fara ne daga ɗaya ɓangaren. Ya jera matakai takwas da mai neman sanin haƙiƙanin kansa zai bi, sai ya sa kame kai a mataki na farko, a cikin kame kan ma barin cutarwa ne ya zo farko, tun kafin a kai ga zama da numfashi da tattara hankali. Dalilinsa a bayyane yake, domin zuciyar da take cike da ƙiyayya da shirin ramuwa ba ta natsuwa har ta iya duban kanta. Ke nan hanyar tana ɓullewa ta ko'ina: sanin kai yana haifar da barin cutarwa, barin cutarwa kuma yana share fagen sanin kai.

Yadda wannan yake gangarowa har zuwa ɗakin girki ya fito sarai a tarihin Sarki Ashoka na Indiya. Bayan yaƙin Kalinga, kimanin shekara 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma ya yi nadama. A wani rubutun kuma ya ce a da ana yanka dabbobi dubbai a kullum a madafar fada, amma yanzu uku kawai ake yankawa, ɗawisu biyu da barewa ɗaya, barewar ma ba kullum ba, kuma nan gaba su ma za a daina. Abin da yake burge ni a wannan rubutu shi ne sarkin bai yi da'awar ya kai ƙarshe ba, ya faɗi adadin da ya rage masa ne a gaban talakawansa. Haka Mahatma Gandhi, wanda ya isa Landan a 1888 da alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa cewa ba zai ci nama ba. Da farko alkawarin kawai yake riƙewa, ransa na biyawa, har sai da ya karanta rubutun wani Bature mai suna Henry Salt, sannan abin ya koma zaɓinsa na kansa. Daga baya ya ɗauki wannan horon kai ya shigar da shi fagen siyasa, ya tunkari mulkin Ingila ba tare da makami ba.

To, ina abokiyar taki ta zarce? Alaƙar sanin kai da barin cutarwa tana da ƙarfi, kuma kusan duk wata koyarwar ruhi ta yarda da ita. Amma tsallakawa daga nan zuwa cewa dole a bar duk abin da ya fito daga dabba hukunci ne da mutum yake yankewa bayan nazari, kuma mutanen kirki sun saɓa a kansa. Duk da haka ba zan ce miki ki watsar da maganarta ba. Alƙaluman hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana yanka dabbobin tudu sama da biliyan 80 a kowace shekara, mafi yawansu kaji, kuma da yawa daga cikinsu sun yi gajeriyar rayuwarsu ne a rufe, inda mai ci ba zai taɓa gani ba. Marubucin Rasha Leo Tolstoy ya tafi mayankar birnin Tula da ƙafarsa a 1891 domin ya ga abin da ake yi, tunda gani ya kori ji. Idan mutum ya lura cewa akwai wani abu game da abincinsa da ba ya son sani, ya kuma tambayi kansa dalilin ƙin sanin, to ya shiga aikin sanin kai, ko da a ƙarshe bai yanke hukunci irin nata ba.

Tambaya: Na fahimci wanda ya bar nama don gudun kisa. Amma madara da ƙwai da zuma fa? Ai ba a kashe komai wajen samunsu. Wannan ba wuce gona da iri ba ne? (Daga wani ma'aikaci)

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambaya ce ta raba masu barin nama gida biyu. An kafa ƙungiyar masu barin nama a Ingila tun 1847, mambobinta kuwa suna shan madara suna cin ƙwai. Sai a watan Nuwamba na 1944 wani malamin koyar da aikin kafinta a birnin Leicester, Donald Watson, ya ware tare da wasu tsirarun abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Watson ya bar nama tun yana yaro bayan ya ga yadda aka yanka alade a gonar kawunsa, kuma ya ƙi shiga aikin soja a yaƙin duniya na biyu saboda aƙidarsa, wanda hakan yake nuna maka cewa a wurinsa batun abinci da batun zubar da jini ba su rabu ba.

Hujjarsu ta dogara ne a kan yadda sana'ar take gudana a manyan gonakin zamani. Saniya ba ta kawo nono sai ta haihu, cikinta kuwa wata tara ne, don haka ake sa ta ɗauki ciki kusan kowace shekara. A irin waɗannan gonaki ana raba ta da ɗan maraƙin cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, domin nonon na kasuwa ne. Idan maraƙin namiji ne, ba shi da amfani a harkar madara, sai a tura shi ɓangaren nama. Ita kanta uwar, da zarar nononta ya ragu, galibi tana da shekara 5 ko 6, sai a kai ta mayanka, alhali saniya tana iya rayuwa har shekara 20. A ɓangaren ƙwai abin ya fi muni, domin 'yan tsaki maza na irin kajin da ake kiwo don ƙwai ba sa yin ƙwai kuma ba sa tara tsoka da sauri, saboda haka ake hallaka su ranar da aka ƙyanƙyashe su, biliyoyi a kowace shekara. Ƙasar Jamus ta haramta wannan aiki daga farkon 2022. Ka ga ke nan kisan yana nan, an dai matsar da shi ne zuwa inda mai saye ba ya gani.

Tunanin ma ya girmi Watson da ƙarnoni. Mawaƙin Larabci makaho Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rayu a ƙasar Sham daga 973 zuwa 1057, ya bar nama da kifi da nono da ƙwai da zuma, yana mai cewa nonon na jarirai ne, zumar kuma ƙudan ba su tara ta don wani ba. Malamai da dama sun soki aƙidarsa, amma tarihinsa ya nuna cewa tambayar ba baƙuwa ba ce a duniyar Larabci. Gandhi ma ya bar madara a 1912 yana Afirka ta Kudu, bayan ya karanta irin azabar da ake gana wa shanu a Kalkata don a tatse ragowar nono. A 1918 rashin lafiya ta kwantar da shi, matarsa ta ce masa ai alkawarin nasa bai haɗa da akuya ba, sai ya koma shan nonon akuya har ƙarshen rayuwarsa. Bai taɓa jin daɗin wannan mafita ba, ya kuma faɗa a fili cewa ya kiyaye lafazin alkawarin ya saki manufarsa. Ina kawo wannan ne domin ka ga yadda mai bibiyar kansa yake ƙin yaudarar kansa ko da a inda mutane suka ba shi uzuri.

Adalci kuma ya sa a faɗa cewa makiyayin da ya san kowace saniya tasa, yake barin maraƙi ya sha kafin ya tatsa, ba ɗaya yake da masana'antar da na bayyana ba. Masu cin tsirrai zalla za su ce ko shi ma ƙarshen dabbarsa wuƙa ce, amma tazarar wahalar da ke tsakanin su biyun babba ce, kuma wanda ya shafe ta bai yi wa gaskiya adalci ba.

Tambaya: Su tsirran ba masu rai ba ne? Idan ana gudun cutarwa, me ya sa ake cin su? (Daga wani matashi)

Amsa: Masu rai ne, ɗan'uwa, kuma mabiya Jain sun daɗe da amsa wannan. Sun jera halittu bisa yawan gaɓoɓin ji da suke da su, daga tsiro mai ji ɗaya tak, wato taɓawa, har zuwa mutum da dabbobi masu biyar, suka ce nauyin cutarwa yana ƙaruwa yadda ji yake ƙaruwa. Duk da haka da yawansu ba sa cin abin da ake tonowa daga ƙasa, kamar albasa da tafarnuwa da dankali, domin tono yana kashe tsiron gaba ɗaya tare da ƙananan halittun da ke kewaye da shi. Kimiyya ma ta nuna tsiro ba shi da ƙwaƙwalwa ko jijiyoyin da ke ɗaukar zafi, alhali a 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa da suka taru a Cambridge sun sa hannu a sanarwar cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan da ke haifar da ji da sani. Akwai kuma lissafi: dabbar da ake kiwo da hatsi tana cin tsiro mai yawa kafin ta ba da nama kaɗan. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2018 ya gano cewa abincin da ake samu daga dabbobi yana cinye kusan kashi 83 cikin 100 na filayen noma da kiwo na duniya, amma kashi 18 kawai yake bayarwa na kuzarin da mutane suke samu daga abinci. Babu mai rayuwa ba tare da ya taɓa wani rai ba, shi ya sa ita ƙungiyar ta Watson ta sa sharaɗin gwargwadon iko da yiwuwa a cikin bayanin manufarta.

Tambaya: Malam, ni Musulmi ne, kuma tun da na ga yadda ake tsare kaji a wata babbar gona zuciyata ta ƙi nama. Amma ina tsoron kada in faɗa cikin haramta abin da Allah ya halatta. Shin wannan tunani yana da gurbi a addininmu, ko kuwa kayan aro ne? (Daga wani magidanci)

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan tsoro, domin yana wurinsa. Cin naman dabbar da aka yanka bisa ƙa'ida halal ne ba tare da saɓani ba, akwai ma ibadun da aka shar'anta yanka a cikinsu. Aya ta 87 a Suratul Ma'ida ta hana muminai haramta abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta musu. A cikin hadisin Anas da Muslim ya ruwaito, wasu sahabbai sun ƙudurta tsananta wa kansu, ɗaya ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, Manzon Allah (SAW) bai amince musu ba. Saboda haka wanda ya ce cin nama zunubi ne, ko ya ɗauki barinsa a matsayin ibadar da ta ɗaga shi sama da sauran Musulmi, ya kauce. Aƙidar da ta daidaita ruhin mutum da na ƙwaro, ko ta ce ruhi yana yawo daga jiki zuwa jiki, ita ma ba ta Musulunci ba ce.

Amma mutum ya bar cin wani abu saboda ransa ya ƙi shi, ba tare da ya ce haramun ne ba, wannan wani abu ne daban. An kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba, da aka tambaye shi ko haramun ne ya ce a'a, ransa ne ba ya so, Khalid bin Walid kuwa ya ci a gabansa. Imam Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane game da nama, domin yana da sabo irin na giya. Kuma abin da ya dame ka a waccan gona, addini ya riga ka damuwa da shi. Aya ta 38 a Suratul An'am ta ce dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamarmu. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. An umarce mu da kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu, sai Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Wanda ya san wannan hadisi ba zai iya kallon kazar da ba ta da sararin buɗe fiffike tsawon rayuwarta ya ce babu komai tunda an ambaci sunan Allah wajen yanka ba. Halaccin yankan bai wanke zaluncin da ya gabace shi ba.

Batun sanin kai ma namu ne. Aya ta 19 a Suratul Hashri ta gargaɗe mu kada mu zama kamar waɗanda suka manta da Allah sai ya mantar da su kawunansu. Maganar nan da ta shahara, cewa wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa, malaman hadisi irin su Imam Nawawi sun ce ba ta tabbata daga Annabi (SAW) ba, amma malaman tarbiyya sun yi aiki da ma'anarta. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cewa a cikin kowane mutum akwai ƙarfin sha'awa da ƙarfin fushi, kuma aikin hankali shi ne ya san su ya mallake su, ya kuma sa sha'awar ciki a sahun gaba na abubuwan da suke halakar da ɗan Adam. Don haka idan ka rage nama, ko ka ƙi sayen wanda aka yi kiwonsa da azaba, ko ma ka bar shi baki ɗaya ba tare da ka kira shi haramun ba kuma ba ka tilasta wa iyalinka ba, kana da madogara a cikin gidanka. Ga tafsilin hukunci a kan halinka na musamman, ka zauna da malamin fiƙihu da ka amince da shi. A gefe guda, Kiristocin Orthodox na Habasha suna barin nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da kuma kwana 55 kafin bikin Ista, ba tare da sun ce abincin haramun ne ba, manufarsu ita ce horar da rai.

Tambaya: Ina aiki da wata mata da ba ta cin komai na dabba, amma ban taɓa ganin mai kaifin harshe da raina mutane kamarta ba. Idan wannan abinci yana tausasa zuciya, me ya sa bai tausasa tata ba? (Daga wata ma'aikaciyar jinya)

Amsa: 'Yar'uwa, abinci ba ya tausasa zuciya da kansa, kuma duk wanda ya ce miki yana yi ya juya maganar ne a baibai. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan mutane a Indiya ba sa cin nama, amma hakan bai hana zubar da jini a ƙasar ba. A watan Satumba na 2015, a wani ƙauye kusa da Dadri a jihar Uttar Pradesh, gungun mutane sun kashe wani Musulmi a kan jita-jitar cewa ya ajiye naman saniya a gidansa. An kashe mutum da sunan kare dabba. Wannan shi ne abin da yake faruwa idan ƙa'idar abinci ta rabu da aikin zuciya ta koma tambarin bambanta mu da su.

Buddha ya hango wannan hatsari. Ɗan'uwansa Devadatta ya nemi a wajabta wa masu zuhudu wasu tsauraran dokoki biyar, ciki har da barin nama da kifi har abada, Buddha ya ƙi wajabtawa. Ya yarda mai zuhudu ya ci abin da aka zuba masa a ƙwaryar bara, muddin bai gani ba, bai ji ba, bai kuma yi zargin an yanka dabbar dominsa ba. Devadatta ya fi kowa tsananin doka, amma shi ne wanda littattafan mabiya Buddha suka ce ya raba kan jama'a ya kuma nemi hallaka malaminsa. A ma'aunin Jain ma da na ambata a sama, girman kai yana cikin ƙofofi huɗun nan, kuma magana mai yanka zuciya cutarwa ce cikakkiya.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma wannan ya shafi ɓangarorin biyu. Abokiyar aikin taki tana iya ganin wahalar kaza ta kasa ganin wahalar wanda take gaya wa magana. Ke ma ina roƙonki kada ki sa halinta ya zama hujjar rufe ido daga abin da take nunawa, domin kazar da ke cikin keji ba ta da hannu a kaifin harshenta.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 ya daina cin nama da madara da ƙwai, ya ce zuciyarsa ce ba ta yarda ba. Ba na son in tauye shi, amma ina tsoron lafiyarsa. Me zan yi? (Daga wata uwa)

Amsa: Hajiya, kin kyauta da ba ki mayar da abin faɗa ba. Baligi mai lafiya yana iya rayuwa a kan tsirrai zalla idan an tsara abincin da kyau, shi kansa Donald Watson ya kai shekara 95 kafin ya rasu a 2005. Sai dai ki tunatar da ɗanki cewa jikinsa ma mai rai ne da aka ba shi amana, barin cutarwa kuwa ya haɗa da shi. Abu mafi muhimmanci shi ne bitamin B12, wanda ba a samunsa ta hanyar da za a dogara da ita a cikin tsirrai. Baligi yana buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye shi na tsawon shekaru, shi ya sa ƙarancinsa yake zuwa a ɓoye, sai daga baya a ga kasala da ƙarancin jini da jin kamar ana tsira allura a hannu da ƙafa da mantuwa, lalacewar jijiya kuwa wani lokaci ba ta gyaruwa. Dole ne ya riƙa shan ƙwayar B12 ko cin abincin da aka ƙara wa sinadarin, wannan ba zaɓi ba ne.

Bayan wannan, ya riƙa haɗa hatsi da dangin wake a kullum domin samun sinadarin gina jiki, ya ci ganye da 'ya'yan itatuwa masu tsami tare da abincin domin suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, ya kuma nisanta shan shayi daga lokacin cin abinci saboda yana rage wannan tsotsa. A kula da sinadarin kalsiyam da aidin, tunda madara da kifi ne suke ba mutane da yawa su. Mace mai ciki ko mai shayarwa da ƙananan yara suna buƙatar kulawar likita ta musamman kafin su shiga wannan tsari, haka ma mai wata cuta da ta daɗe. Shi kuwa ɗanki, ki raka shi ya ga likita ko masanin abinci tun yanzu, a auna jininsa a san inda ya tsaya, sannan a maimaita awon bayan shekara guda.